Jaridar da ke kwana a hanya kafin ta iso Jega

Jarida ba ta taɓa isowa Jega da sassafe ba. A Zariya ko Kaduna ake buga ta, wata ma a Legas, sai ta biyo mota ta Gusau da Sakkwato, ko ta ɓullo ta Kontagora da Yawuri, kafin a sauke ɗaurin a mararraba. Mutanen Aliero da Maiyama kuwa sai wani direba ko malamin makaranta ya taho musu da ita. In ta iso da la'asar an yi sa'a, in ta kwana a hanya ba mai ƙorafi. Manyan labaran shafin farko an riga an ji su, don BBC ta fara Hausa tun 1957, gidan rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962. Duk da haka ana jiran ta.

Da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya cikin Janairun 1939, Abubakar Imam na edita, kwabo ɗaya ake sayar da ita. Kwabon nan ba abin rainawa ba ne ga talakan da haraji ke jira, masu karatun boko kuma ana iya ƙirga su. Saboda haka kwafi ɗaya kan wadatar da unguwa guda. Malami ya zauna a ƙofar gida ko a zauren hakimi ya karanta da ƙarfi, dattawa na tsayar da shi suna cewa "maimaita wurin nan", musamman lokacin yaƙin Hitila da 'ya'yan mutane ke Burma. A shekarun 1950, zamanin Yaƙi da Jahilci, hukumar adabi ta NORLA ta fito da ƙananan jaridun larduna: Zaruma ta lardin Sakkwato, wanda ƙasar Gwandu ke ciki, Himma ta Katsina, Sodangi ta Kano. Magidancin da ya koyi haɗa baƙi da wasali a ajin manya ya samu abin gwada kansa.

Biyan kuɗin jarida na wata ko na shekara kuwa, a wannan yanki yawanci aikin hukuma ne. Ofishin En'e, daga baya sakatariyar ƙaramar hukuma, makarantun sakandare, banki, kotu, su ke da lissafi da mai jarida. Bayan New Nigerian ta fito a ranar 1 ga Janairu 1966, sai ta zama abin da ake tararwa a teburin kowane babban ma'aikaci. Daga teburin shugaban makaranta ta gangara ɗakin malamai, daga nan laburare, inda ake maƙale ta a sanda don kada wani ya naɗe ya sa aljihu. Malamin Turanci ya yanke sharhin edita ya ba 'yan aji biyar. Mai neman aiki ya kwafe adireshi. Ɗan kwangila ya duba tallar neman 'yan kwangila. Sai ta gama wannan zagaye kaf sannan ta faɗa hannun mai tsire ko mai ƙosai. In aka raba kuɗinta a kan idanun da suka karanta ta, kusan kyauta ce.

Abin da rediyo ba ya bayarwa shi ne shaida. An ji sanarwar ƙirƙiro Jihar Kebbi a ranar 27 ga Agusta 1991 daga bakin Janar Babangida, amma in gardama ta kaure a majalisa kan me aka ce da me ba a ce ba, wanda ya ciro jarida daga ƙarƙashin katifa shi ke kashe bakin kowa. Maganar rediyo iska ta tafi da ita.

Tsadar jarida a yau tana da tushe. Takardar da ake buga jarida da ita daga waje ake kawo ta, haka tawada da kayan gyaran inji. Masana'antar Oku Iboku da ke Akwa Ibom, wadda aka kafa don samar da takardar jarida, ta tsaya tun shekarun 1990. To, da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Kowane shafi ya ƙara kuɗi, kowace tafiyar mota zuwa Kebbi ta ƙara kuɗi. Kamfanoni suka rage shafuka, suka rage yawan bugu, garuruwan nesa kuma su ne farkon waɗanda ake yankewa. New Nigerian da Gaskiya ma tun kafin wannan sun daina fitowa yadda aka saba.

Yanzu ɗalibin jami'ar Aliero, wadda aka kafa a 2006, a waya yake karanta Daily Trust ko Aminiya kafin ya wanke ido. Ba zan ce masa ya cire ɗaruruwan naira kullum daga kuɗin cefanensa ba. Ga mutum ɗaya, biyan jaridar kullum a waɗannan garuruwa bai cancanci kuɗinsa ba, kuma ina ganin ko a da bai taɓa cancanta ba, taron jama'a ne ya sa ta yi araha. Akwai kuma wani ƙorafi da ya daɗe: manomin albasa a Aliero zai buɗe jarida daga farko har ƙarshe bai ga farashin buhu a kasuwar kudu ba, mai shinkafa a fadamar Jega bai ga zancen taki ba. Sai an yi ambaliya ko hatsarin mota ake tunawa da sunan Maiyama. Yaya za a ce ya biya?

Inda na ga an yi asara shi ne makarantu. Kuɗin Aminiya ta mako-mako da jaridar Turanci guda ɗaya bai kai na fentin ƙofar makaranta ba, amma a yawancin wurare an daina saye, laburaren ma in akwai shi a kulle yake. Yaron da ba shi da waya, kuma su ne suka fi yawa a ƙauyuka, zai iya gama sakandare bai taɓa karanta dogon rahoto mai kan gado cikin Hausa ba. Majalisar mutum goma da ke shan shayi kowane dare ita ma ba za ta gaza haɗa kuɗin kwafi ɗaya ran Juma'a ba.

Masu sayen jarida da gangan a yau galibi masu buƙata ce ta kawo su. Wanda ya sa sanarwar canjin suna don banki ko fasfo, ko wanda aka buga sunan ƙungiyarsa don rajista, shi ke kiran direba tun da dare ya ce a taho masa da kwafi biyu daga Birnin Kebbi ko Sakkwato, ɗaya a kai ofis, ɗaya a liƙe cikin leda a ajiye tare da takardun gona.