Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Najeriya ta ga tashi iri biyu da har yau ba a manta da su ba. A Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yi dokar mayar da babban birnin ƙasa daga Legas zuwa Abuja, amma ba a tare ba sai 12 ga Disamba, 1991, zamanin Janar Babangida. An haura shekara 15 ana shiri. Ɗayan kuwa a Janairun 1983 ne, da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako 2 su bar ƙasar. Mutanen Gana wajen miliyan ɗaya suka cusa abin da hannu ya kai gare shi cikin jakunkunan nan masu ratsin ja da shuɗi, suka nufi iyaka. Tun daga nan jakar ta sami sunan Gana-mas-go, kuma har gobe da ita ake tashi.

Ɗan haya a Kano yana tsakanin waɗannan biyun ne. A dokokin haya na yawancin jihohin ƙasar nan, idan ba a rubuta wani sharaɗi dabam a yarjejeniya ba, mai biyan kuɗin shekara yana da haƙƙin a ba shi notis na wata 6, mai biya wata-wata kuma wata ɗaya. Wata 6 ya isa a nemi gida a tsanake. Abin takaici, magidanta da yawa sukan cinye wata biyar da rabi suna cewa "ai mai gidan mutumin kirki ne, ba zai tashe mu ba", daga baya su yi tashin 1983 da hannunsu.

Aikin farko ba ɗaure kaya ba ne, duba gidan da za a koma ne, kuma gida da damina ake dubansa. Ɗakin da ya sha sabon fenti a watan Maris ba ya faɗin gaskiya. A Agusta ne silin yake tona asirin kwano, gindin bango ya nuna inda danshi ya kai, lungu ya nuna ko kwata tana tafiya ko tana dawowa tsakar gida. Wanda bai sami damina ba, ya tambayi mai shayin bakin layi. Shi ba a ba shi la'ada ba, don haka ba shi da dalilin ɓoye komai. Dillali kuwa, da yakan karɓi kashi 10 cikin 100 na kuɗin hayar, a wurinsa kowane gida "ba ya da matsala, Alhaji".

Sai ruwa. Akwai rijiya? Tana ƙafewa da bazara? Burtsatse na nesa ko kusa, kuma nawa masu kura suke sayar da jarka a unguwar? Gidan da ya fi araha da 'yan dubbai a shekara yana iya cinye rarar a kuɗin ruwa kafin azumi ya zagayo. Haka batun wuta: a ga mitar da ido, a tabbatar ko ta kati ce, a kuma bincika ko wanda ya fita ya bar bashi a kanta tun kafin a biya ko sisi. Bayan an tare, gardamar takan yi tsawo.

Duk wannan aikin maigida ne, kuma nan maza da yawa suke ɗaukar sun gama. A gaskiya rabin tashin yana hannun uwargida. Ita ta san cewa ƙofar sif ɗin nan da ƙusa ɗaya take tsaye, ita ta san kwalin da tangaran ɗin aurenta suke ciki, ita ta san tukunyar da aka aro daga maƙota tun sunan auta. Namijin da ya shigo da daddare ya ce "Hajiya, jibi za mu tashi" bai yi mata adalci ba. Yawancin kayan ɗakin ma nata ne, iyayenta suka yi mata, kuma madubin da ya fashe a mota ba ya cikin lissafin da kowa zai biya. Idan ta sami mako 3 ko 4, sai ta fara da abin da ba a taɓawa kullum: barguna idan ba lokacin sanyi ba ne, manyan tukwanen biki, littattafai. Ana naɗe faranti da tsofaffin zannuwa, a rubuta a jikin kowane buhu abin da ke ciki da ɗakin da zai shiga. A nan ne kuma ake gane tarkacen da aka yi shekaru ana ajiyewa: fanka marar kai, rediyon da ya daina magana. Masu gwangwan suna saye, ɗaukarsu zuwa sabon gida asarar kuɗin mota ce kawai.

Kuma kuɗin motar ba wasa ba ne. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, sawu ɗaya na a-kori-kura ya zama abin da ake zama a yi ciniki a kansa. Mai dabara yakan kai direban ya ga kayan da idonsa, a yanke magana a kan sawu nawa ne, da ko kuɗin 'yan dako yana ciki. Kafinta ya zo ya kwance gado ana gobe, a zuba kusoshinsa a leda a ɗaure a jikin ƙafar gadon.

Akwai jakar da ba ta hawa bayan mota ko kaɗan: takardun makaranta, na haihuwa, katin asibiti, rasiɗin haya, maganin mai hawan jini, sarƙar gwal. Tana hannun uwargida a adaidaita sahu. Tabarma, buta, fitila, gidan sauro da tukunya ɗaya su ne na ƙarshe a lodi, don su fara sauka, saboda daren farko ba a samun ƙarfin kwance buhu goma ana neman ludayi.

Abin da aka fi mantawa ba shi da nauyi a mota. Bashin mai shago, zubin adashen da bai zagayo ba, takardar canjin makarantar yara, wadda ta fi sauƙi idan tashin ya dace da hutun ƙarshen zango. Katin zaɓe ma yana nan a tsohuwar rumfa har sai mutum ya nemi INEC ta mayar da shi lokacin da ta buɗe rajista. Sai sallama: matar gida ta shiga gida-gida a yafi juna, maigida ya miƙa makulli gaban shaida, a zagaya ɗakunan tare da mai gidan don kada gobe a ce an bar ƙofa a karye. A can sabuwar unguwa kuma a gaida mai unguwa da liman, a share gidan, a yi turare, masu yi su karanta Baƙara kafin a shigo da katifa.

Mai karatu, idan kuɗin hayarka zai ƙare bana, tashi ka duba kwanan watan da ke jikin rasiɗinka, ka kuma gaya wa iyalinka yau.