Faifan Da Aka Ce Ba Ya Tsufa

Mu da muka tashi da kaset ba mu yi wa faifan CD maraba da wuri ba. Kamfanonin Sony da Philips ne suka haɗa kai suka ƙirƙiro shi, na'urar farko kuma ta shiga kasuwa a Japan a watan Oktoba na 1982, amma sai wajen ƙarshen shekarun 1990 muka yi ta maza muka sayi tamu a kasuwar Sabon Gari ta Kano, ita ma ta hannu ce. Kuɗin da muka zuba kuwa su ne waɗanda muka daɗe muna tarawa don buga littafinmu na biyu. Littafin nan sai da ya ƙara shekara guda a durowa. Uwargida ba ta ce uffan ba, amma shirun nata ya ishe mu.

Ba don a ce muna da ita muka saya ba. A lokacin muna ɗauko waƙoƙin makaɗa daga kaset muna mayar da su rubutu, kuma duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san azabarsa: ka mayar da baya, ka saurari ɗango ɗaya sau ashirin, har zaren ya miƙe, muryar mawaƙi ta koma kamar ta mai jin barci. Shi kuwa faifai babu abin da ke gugar sa, wani ɗan siririn haske ne ke karanta shi. Yana ɗaukar minti 74, ga kuma maɓallin da zai yi ta maimaita maka wuri ɗaya har ka gaji. Mai shago ya ce, “Malam, wannan har jikokinka.” Abin da bai gaya mana ba shi ne, yawancin waƙoƙin da muke nema a kaset kawai ake samun su.

Hunturun farko ya tona asiri. Waƙa ta fara tsalle tana in'ina, daga baya ma sai mu sa faifai na'ura ta nuna babu komai a cikinta. Muka kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo, ya buɗe ya nuna mana wani ɗan gilashi da bai kai ƙwayar wake ba, ya ce wannan ne idonta, ƙura ce ta rufe shi. Ya goge, ta tashi. Bayan 'yan watanni robar da ke jan farantin faifai ta saki saboda zafi. Ga shi an ƙera ta ne don wutar Japan mai ƙarfin 100, tamu kuwa ta haura 200, dole sai da ɗan akwatin rage wuta. Ranar da aka kawo wuta da ƙarfi, akwatin ya ƙone. Da idon ya mutu gaba ɗaya, dattijon ya ce ba a gyara shi, sauyawa ake yi, kuɗin kuma ya kusa rabin abin da muka saye ta. Rakodar kaset fa, da sukuddireba da ɗan auduga yake tayar da ita.

Da na'urorin VCD masu araha suka cika kasuwa a farkon shekarun 2000, muka sayi ɗaya. Ta yi mana shekara uku, daidai da mai tsadar. Masana sauti za su ce muryar ba ɗaya ba ce, ba mu musa ba. Amma a ɗakin da injin maƙwabci ke ruri a bayan taga, kunnenmu bai kama bambancin ba.

Duk wannan asarar kuɗi ce, ana mayarwa. Wadda ta fi ci mana rai daban take. Muna da kaset tara da muka ɗauki muryar kakarmu kafin ta rasu, tatsuniyoyi da waƙoƙin niƙa da na daɓe. A 2004 muka kai aka juye mana su a faifai, muka bar kasusuwan yara suka warware zarensu suna wasa. Ashe faifan da kamfani ya buga daban, wanda ake juyewa da kwamfuta daban. Na biyun wani rini ne a jikinsa haske ke ƙonawa ya yi rubutun, zafi da rana kuma suna dusashe rinin. Mu kuwa a kan kabad kusa da taga muka jera su. Da muka tashi rubuta tatsuniyoyin bayan shekara goma sha ɗaya, faifai huɗu kawai suka yi magana, ɗaya ma daga tsakiya ya tsaya, daidai inda Gizo ya shiga gonar sarki.

Matasan marubuta da ke zuwa wurinmu yanzu a waya suke ɗaukar hira da tsofaffi. Mukan tambaye su: wuri nawa ka ajiye ta? Yawanci sai su ɗaga wayar su nuna mana.

Bara ƙanwarmu tana kwashe kayan ɗakinta ta tsinci kaset ɗaya cikin taran nan a ƙasan kwalla, ashe ara ta yi ta manta. Zaren ya tsinke a wuri guda. Muka liƙe shi da jan farce, muka naɗe da biro, muka aro rakoda a wurin ɗan dattijon nan mai gyara, wanda ya gaji shagon. Ta yi shuuu na ɗan lokaci, sai ga muryar tsohuwa tana tari, tana tambaya ko abin ya fara ɗauka.