Wanda Ya Girgiza Kwaɗo Ba Ɓarawo Ba Ne

Yau labarin wani abu da ya same ni zan ba ku, abin da ya kusa ɓata mini suna a unguwarmu ta Agege, duk da cewa da niyyar alheri na shige shi.

Tun ina ƙarami nake bin Baba kasuwar Mile 12, inda yake sana'ar albasa. Kullum da yamma in ya rufe ɗakin ajiyar buhuna, ba ya tafiya sai ya kama kwaɗon ya girgiza shi da ƙarfi sau biyu ko uku. Wata rana na tambaye shi dalili, tunda da hannunsa ya kulle. Sai ya ce, “Gara ni in gwada shi kafin wani ya zo ya gwada.” Ban san cewa wannan magana ita ce za ta zama sana'ar da nake koyo ba.

Da na gama sakandare ban samu damar wucewa gaba ba, sai na tafi Computer Village a Ikeja koyon gyaran waya. A can na fara jin labarin abin da ake kira gwajin kutse. Ma'anarsa a taƙaice ita ce: mai manhaja ya kira wani masani, ya ba shi izini ya yi ƙoƙarin fasa manhajar kamar yadda ɗan dandatsa zai yi, don a gano raunin da ke cikinta a toshe kafin mugu ya riga kowa. Dabarun iri ɗaya ne da na ɓarawo. Abin da ya raba su shi ne izini, da kuma abin da mutum ya yi da abin da ya gano.

Da daddare nake koyo, da wata tsohuwar kwamfuta. Akwai manhajojin da aka ƙera su da rauni da gangan saboda masu koyo, irin su DIVA da InsecureBankv2, a kansu na riƙa gwada hannu ba tare da na taɓa kayan kowa ba. Na koyi amfani da jadx, wadda ke buɗe cikin manhajar Android ta nuna maka umarnin da aka rubuta ta da shi. Na koyi MobSF, wadda ke binciken manhaja ta fitar da jerin wuraren da ake zargi. Sai Burp Suite, wadda ke zama tsakanin wayar da uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan kowa, ta nuna maka duk saƙon da ke kaiwa da komowa a tsakaninsu. Akwai kuma wata ƙungiya mai suna OWASP da aka kafa a 2001, wadda ke fitar da jerin manyan raunuka goma da aka fi samu a manhajojin waya, kuma kyauta kowa ke karantawa.

Duk wanda ke kasuwa bai manta farkon shekarar 2023 ba. Babban Bankin Nijeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 a watan Oktoba na 2022, kafin Fabrairu tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo. Dattawan da a da ba sa yarda da komai sai kuɗi a hannu, dole suka koma tiransifa. A wannan yanayin ne ƙungiyar da Baba ke ciki, wadda ke da asusun adashi da ba da rance ga 'ya'yanta, ta ga littafin sakatare ya gaza. Sai suka biya wani matashi ya haɗa musu manhaja. Kuɗin dai ta banki suke bi, manhajar lissafi kawai take riƙewa: kowa ya shiga ya ga abin da ya zuba, da bashin da ake bin sa, da ranar kwasarsa.

Ni nake duba wa Baba nasa, don idonsa ba ya son ƙananan rubutu. Kullum na buɗe sai zuciyata ta ce, shin an taɓa girgiza wannan kwaɗon kuwa? Kayan aikin suna hannuna, cikin dare ɗaya zan iya dubawa ba wanda ya sani. Amma na san dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta shiga na'urar wani ba da izini ba. Don haka na je wurin shugaban ƙungiya, na durƙusa na gaishe shi, na ce, “Alhaji, ina neman izini in gwada ƙarfin manhajar nan, kyauta zan yi.” Bai gane sosai ba, sai da na kawo masa misalin kwaɗo. Ya sa sakatare ya rubuta takarda, ya sa hannu, aka sanar da wanda ya haɗa manhajar. Sharaɗin da ke cikin takardar a fili yake: kwana biyu, asusun Baba da wani asusun gwaji da sakatare ya buɗe, ban da su kada in taɓa na kowa.

Daren farko na gano abubuwa biyu. Na ɗaya, lambar sirrin shiga mai alƙaluma huɗu ce, kuma manhajar ba ta rufewa komai yawan kuskuren da aka yi. Alƙaluma huɗu ba su wuce haɗi 10,000 ba, kwamfuta kuwa ba ta gajiya da gwaji. Na biyu, da na buɗe cikin manhajar da jadx, sai ga mabuɗin da ake tura wa mambobi saƙon tes da shi a rubuce ɓaro-ɓaro. Duk wanda ya kwafe shi zai iya aika saƙo da sunan ƙungiya. Wannan kamar mutum ya kulle shago ne ya ajiye makullin a ƙarƙashin tabarmar ƙofa. Ba mamaki a jerin OWASP na 2024 sakaci da irin waɗannan mabuɗai shi ne a sahun farko.

Dare na biyu ne na ga babbar matsalar, a nan kuma na yi nawa kuskuren. Na lura duk lokacin da wayar ta nemi lissafin Baba, wata lamba take aikawa, lambarsa ta mamba. Sai na tare saƙon a Burp Suite, na cire lambar Baba na sa ta asusun gwaji. Nan take uwar garke ta turo bayanan asusun gwajin, ba ta tambayi ko ni ne mai shi ba. A nan ya kamata in tsaya, domin hujja ta riga ta kammala. Amma zuciya ta ce ƙara ɗaya mana ka tabbatar. Na ƙara ɗaya a kan lambar Baba. Sai ga sunan wani dattijo maƙwabcinmu, da lambar wayarsa, da wani bashi mai nauyi da ya wuce wa'adi. Mutumin da muke sallah sahu ɗaya, wanda kowa ke ɗauka ba ya neman komai a wurin kowa. Na rufe kwamfutar, amma ido ya riga ya gani.

Wani zai ce, to mene ne, tunda ba a iya cire kuɗi ta manhajar? Ga inda haɗarin yake. Ɗan damfarar da ya san sunanka, da lambarka, da adadin da ka zuba makon jiya, in ya kira ka ya ce daga ƙungiya ko daga banki yake, me zai hana ka yarda? Daga nan sai ya ce ka karanto masa lambar da ta shigo wayarka, shi ke nan an yashe asusun banki. Ban da tonon asiri, wanda a wurinmu wani lokaci ya fi asarar kuɗi ciwo.

Na rubuta rahoto, na bayyana kowane rauni da yadda za a gyara shi, na kuma rubuta cewa na wuce iyakar da aka ba ni sau ɗaya. Mutum biyu kawai na ba: shugaba da mai manhajar. Shi mai manhajar ransa ya ɓaci da farko, yana ganin so nake in ƙwace masa aiki. Ban san ta inda maganar ta fita ba, kafin mako ya zagayo ana cewa ɗan wane ya shiga asusun mutane, ashe ɗan Yahoo ne. A majalisa in na iso sai hira ta mutu. Wasu suka fara cewa za su janye kuɗinsu daga adashin.

Baba bai ce mini komai ba sai bayan sallar isha'i. Ya ce, “Ka ga abin da ba naka ba?” Na ce, “Na gani, Baba, sau ɗaya.” Ya ce, “Ka faɗa wa wani abin da ka gani?” Na ce a'a. Ya ce, “To tashi mu je.” Ya sa ni gaba har gidan dattijon nan. Na durƙusa na faɗa masa gaskiya, na nemi gafara. Ya daɗe shiru, sannan ya ce, “Da kai ka gani da wani ya gani, gara kai. Allah Ya rufa mana asiri.” Ban taɓa jin kunya irin ta wannan daren ba. Har yau shi da Baba ba su taɓa tayar da maganar a gabana ba, ni ma ban faɗa wa kowa ko wane ne ba.

A taron ƙungiya na gaba shugaba ya ɗaga takardar izinin ya karanta wa kowa. Ba don ita ba, da ban san inda zan sa kaina ba. Mai manhajar shi ma ya sauko, muka zauna tare. Ya gyara uwar garke ta riƙa tabbatar da cewa mai tambaya shi ne mai asusun, ya soke tsohon mabuɗin ya ɗauke sabon daga cikin manhajar, ya sa asusu ya riƙa rufewa bayan kuskure biyar. Bayan mako uku na sake gwadawa, da asusun gwaji biyu wannan karon, ƙofar ta ƙi buɗuwa. Yanzu in zai fitar da sabon aiki shi da kansa yake kirana.

Abin da ya sa na rubuta wannan shi ne, ina ganin ƙungiyoyinmu na kasuwa da makarantun Islamiyya suna ta karɓar manhajoji, ana zuba sunayen mutane da lambobinsu da sirrinsu a ciki. Kafin ku biya kuɗin aiki, ku tambaya: wa ya gwada ta, ban da wanda ya haɗa ta? Mai gini ba ya ganin tsagar gininsa. Ku kuma sani cewa dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora nauyin tsare bayanai a kan wanda ya tara su. Iyayenmu kuma, don Allah kada ku karanta wa kowa lambar da banki ya turo muku, ko da ya faɗi sunan kakanku.

Ku kuma 'yan'uwana matasa masu sha'awar wannan fanni, ilmin yana nan kyauta, kuma sana'a ce ta halal da kamfanoni ke biyan kuɗi a kanta. Amma kada ku taɓa manhajar kowa sai da izini a rubuce, in an shata muku iyaka kuma ku tsaya a kanta. Ni lamba ɗaya tak na ƙara, sai da ta kai ni durƙuso a gaban dattijo.

Allah Ya tsare mana mutuncinmu da dukiyarmu, Ya mayar da kowa gida lafiya. Sai mun sake haɗuwa, wassalam.