Kafin ka sabunta GIMP a tsakiyar aikin fosta, karanta wannan

Jama'a masu dizayin na Jami'ar Tarayya ta Lafia da 'yan'uwanmu na Poli, wannan naku ne, musamman waɗanda suka gaji da Photoshop na bayan fage suka koma GIMP. Lokacin fostoci ya matso: zaɓen ƙungiyoyi, makon sashe, walimar 'yan ajin ƙarshe. Tambayar da nake yawan samu ita ce, me ya sa GIMP ɗin wane ya bambanta da na wane, alhali duk kyauta aka sauke su?

A watan Maris na 2025 aka fitar da GIMP 3.0, kusan shekara bakwai bayan 2.10 da ya fito a 2018. Abin da ido ke gani yana da daɗi: za ka iya zaɓar leya da yawa lokaci guda, kuma ka sa wa hoto tacewa ka dawo ka gyara ta daga baya ba tare da ka ɓata asalin hoton ba. Amma babban canjin yana can ƙasa, a tubalan da manhajar ke zaune a kansu. Tagogi da maɓallanta da GTK2 aka gina su, yanzu an koma GTK3. An bar Python 2, wanda masu shi suka daina kula da shi tun Janairun 2020, an kama Python 3. Kayan da ake harhaɗa manhajar da su ma an canja, daga Autotools zuwa Meson. Sannan sabon yana buƙatar sababbin babl da GEGL, wato sassan da ke lissafin launi da sarrafa hoto.

Za ka ce ina ruwanka. To, masu rubuta GIMP gari suke niƙawa, wasu ne ke tuƙa tuwon. A Debian da Ubuntu da Fedora akwai masu ɗaukar rubutun manhajar su gina shi, su ƙunshe shi yadda za ka danna sau ɗaya ya hau kwamfutarka, kuma da yawansu aikin sa-kai suke yi. Idan babl ɗin da ke tsarinsu tsoho ne, GIMP 3 ba zai ginu ba. Sai sun ɗaga babl, su ɗaga GEGL, su duba cewa sauran manhajojin da suka dogara da su ba su lalace ba. Tsarin da ya riga ya fita kuwa ba a cika taɓa masa tubali ba. Shi ya sa Ubuntu 24.04, da ya fito a Afrilun 2024, yake ba ka 2.10 ko sau nawa ka sabunta, shi kuwa Debian 13 na Agustan 2025 ya zo da 3.0.

Mu biyar muke aikin mujallar sashenmu, kuma a nan abin ya same mu. Ni ina da 3.0 a Windows 10. Wata 'yar ajinmu tana kan Ubuntu da 2.10. Wani kuma laftop ɗinsa na hannu ne, Windows 7, wanda GIMP 3 ba ya hawa kansa sam. Abokin aikinmu ya gama bangon mujallar a 3.0 da sabuwar tacewar nan, ya tura mata fayil ɗin XCF ta gyara sunaye, fayil ya ce bai san zancen ba. Dare ne, an ɗauke wuta, batirinsa ya mutu, mai shagon bugu kuma ya ce ƙarfe tara na safe yake son aikin ko a bi layi sai wani mako. Wallahi a kan hoton PNG ta sake jera sunayen mutum talatin da wani abu, ɗaya bayan ɗaya.

Akwai kuma ƙananan kayan aikin da muke maƙala wa GIMP. Duk wanda aka rubuta don 2.10 ba ya aiki a 3.0 sai an sake masa fasali. In kana amfani da Resynthesizer wajen goge mutumin da ya faɗo maka cikin hoto, nemi wanda aka yi don sabon kafin ka cire tsohon.

Ni dai ban ga laifin masu GIMP ba. Ba za a zauna a kan Python 2 har abada ba. Ɗalibai biyu ne ma suka fara manhajar a 1995 a jami'ar Berkeley ta Amurka, Spencer Kimball da Peter Mattis, kuma don ita aka ƙirƙiri GTK ɗin. Wanda ke ba ni haushi shi ne mai cewa "kawai ka sauke Flatpak mana". Gaskiya ne Flatpak zai ba mai Ubuntu sabon GIMP, domin yana tahowa da nasa tubalan. Amma tubalan nan ɗaruruwan megabait ne, kuma kowa ya san daga kuɗin abinci muke yankar na data.

AppImage ya fi dacewa da mu. Tun daga 3.0 masu GIMP da kansu suke fitar da shi, fayil ɗaya ne, mutum ɗaya ya sauke da datar dare, saura su kwafa a filash. Na Windows ma haka ake yawo da shi.

Yanzu a rukuninmu mu huɗu mun koma 3.0, kuma mun yi alƙawarin babu mai taɓa komai sai mujalla ta fito. Mai Windows 7 shi ke gyaran hotuna, yana karɓa yana mayarwa a PNG. Wa mai bugu kuma PDF muke kaiwa, don shi CorelDraw ya sani.

Mai so ya same ni ranar Laraba bayan lakcar ƙarfe biyu, duka biyun suna wurina. Don Allah a wanke filash kafin a kawo.