Abin Da Ke Faruwa In Haske Ya Yi Karo Da Ilektaron

Jama'a, tambayar da ta fi ɗaukar hankalina a cikin ilmin kimiyya gajeriya ce. Shin haske igiya ce irin wadda ke tafiya a kan ruwa, ko kuwa ƙwayoyi ne masu tashi kamar dutsen majaujawa? Na daɗe ina juya wannan magana a raina, kuma duk inda na bi da ita sai in ga na komo kan wani gwaji da Arthur Compton ya yi a Amurka, a Jami'ar Washinton ta birnin Sant Luwis, cikin 1922 da 1923. Shi na ke so in bayyana muku, tare da dalilin da ya sa na ke girmama shi.

Kafin wannan lokaci yawancin masana sun tsaya a kan cewa haske igiya ce. Duk mai kama rediyo ya san gajeren zango da matsakaicin zango. To, zango shi ne ratar da ke tsakanin tudun igiya da tudun da ke biye da shi. Igiyar rediyo, da hasken rana, da hasken eksire wanda a ke ɗaukar hoton ƙashi da shi, duk dangi ɗaya ne, tsawon zango kaɗai ya raba su. Wani Bajamushe, Röntgen, shi ya gano eksire cikin 1895, sa'an nan cikin 1912 Max von Laue da abokan aikinsa suka nuna yana ratsa kiristal yadda igiya ke yi. Einstein ne ya fita zakka. Tun 1905 ya ce haske ƙulli-ƙulli ya ke zuwa, kamar ƙullin gishiri a kasuwa, ko ka ɗauki ƙulli guda ko ka bari. Ya ce kuma iyakar gajartar zango iyakar ƙarfin ko wane ƙulli. Mutane kaɗan suka yarda da shi. Wannan ƙulli shi aka sa wa suna foton cikin 1926.

Ilektaron kuwa wata 'yar mitsitsiyar ƙwaya ce mai ɗauke da lantarki, akwai ta cikin ko wane atam. J. J. Thomson na Ingila ya gano ta cikin 1897, shi ne kuma ya yi lissafin abin da zai faru in igiyar haske ta same ta. Ku ɗauki misalin ƙwarya a kan tafki. In igiya ta zo ƙwarya sai ta riƙa hawa da sauka daidai da bugun igiyar, ita ma ta riƙa tura 'yan ƙananan igiyoyi ko ta ina, masu bugu iri ɗaya da na uwar. Bisa ga wannan lissafi, hasken da ya watsu daga ilektaron tilas zangonsa ya zama daidai da na hasken da ya shigo.

Compton ya auna abin ya ga ba haka ba ne. Ya haska eksire mai zangon fikomita 71 a kan girafait, watau baƙin nan na cikin fensir. Fikomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan dubu na milimita. Ya auna hasken da ya watsu a kusurwar digiri 45, da 90, da 135. A ko wace kusurwa sai ya sami haske iri biyu, ɗaya mai zangon asali, ɗaya kuwa zangonsa ya ƙara tsawo. A digiri 90 sabon zangon ya wuce fikomita 73 da kaɗan, kuma ƙarin yana girma yadda kusurwa ke buɗewa. Ƙwaryar kan tafki ba ta da amsar wannan.

Sai ya ajiye maganar igiya, ya yi lissafi kamar ƙwaya ce ta yi karo da ƙwaya. Ni da goruba na ke kwatanta abin. Ka ajiye goruba a ƙasa, ka jefe ta da wata. In ta shafe ta ta gefe, wadda aka jefa sai ta ɗan kauce ta wuce da kusan dukan ƙarfinta. In ta same ta a ka, ta ƙasa sai ta yi tsalle, wadda aka jefa ta rage gudu ƙwarai. Abin da ɗaya ta rasa shi ɗaya ta samu. Haka foton ke yi wa ilektaron, sai dai akwai bambanci guda. Goruba da gudunta ta ke biya, shi kuwa haske ba shi da ikon rage gudu, wajen kilomita 300,000 ya ke yi cikin daƙiƙa kafin karo da bayansa. Da me zai biya ke nan? Da zangonsa. Foton ɗin da ya ba da wani abu daga ƙarfinsa sai ya fito da zango mafi tsawo.

Abin da ya kama ni a nan shi ne tsabtar lissafin. Ƙarin zangon bai kula da ko girafait aka haska ko wani abu ba, bai kuma kula da zangon da aka fara da shi ba, kusurwa kaɗai ya sani. A digiri 90 fikomita 2.4 ne, in kuwa foton ya komo da baya sosai ya zama ninki biyu, wajen 4.9. Wannan 2.4 daga abu uku ta fito: nauyin ilektaron, da gudun haske, da adadin nan na Planck wanda ya haɗa ƙarfin foton da bugunsa. Peter Debye ma ya fitar da lissafi iri ɗaya cikin 1923, shi kaɗai a Turai. Hasken da ya fito da zangonsa na asali kuwa, shi ne wanda ya bugi ilektaron ɗin da atam ya riƙe gam. Nan kamar ka jefi dutsen niƙa ne da goruba, ta komo, dutse bai ko motsa ba.

Wani zai ce, to, don me ba mu ga fitila ta sake launi in ta haska bango ba? Hasken da ido ke gani zangonsa tsakanin fikomita 400,000 ne da 700,000, ƙarin 2.4 a kansa kamar ɗigon ruwa ne a randa. Sai haske mai ƙarfi ƙwarai abin ke fitowa fili. Foton ɗin Compton in ya komo da baya wajen kashi 6 cikin 100 na ƙarfinsa ya ke bar wa ilektaron. Foton ɗin gamma mafi ƙarfi da ke fita daga kobalt-60 kuwa wajen kashi 84 ya ke bari. Cikin 1929 Oskar Klein da wani Bajapane, Yoshio Nishina, suka yi amfani da sabon lissafin Dirac na 1928 suka fitar da rabon da ko wace kusurwa ke samu, aka ga foton mai ƙarfi ya fi yawan watsuwa ta gaba.

Amma tsakuwa ɗaya ba ta dabe, kuma ba kowa ya miƙa wuya nan da nan ba. Niels Bohr na Danmak, wanda ya ke babba cikin manyan masana atam, bai so maganar ƙullin haske ba. Cikin 1924 shi da Kramers da Slater suka kawo wata dabara ta tsirar da igiya. Suka ce watakila ka'idar nan ta cewa ƙarfi ba ya ɓata, ba ya kuma fitowa daga babu, ba ta aiki a ko wane karo ɗai-ɗai, sai in an tara karo masu yawa an raba. Ku dubi girman abin da aka sa a caca. Kamar ma'aji ne ya ce kada a binciki littafinsa kullum, a bari sai ƙarshen shekara kome zai daidaita.

Aka kuwa bincika. Cikin 1925 a Balin, Walther Bothe da Hans Geiger suka kafa na'urar ƙirga biyu, ɗaya tana jiran foton ɗin da ya watsu, ɗaya tana jiran ilektaron ɗin da aka tunkuɗa. Suka ga su biyun suna bugawa tare sau da yawa fiye da yadda katari zai iya kawowa. Cikin shekarar dai Compton da Alfred Simon suka ɗauki hoton sawun ilektaron a cikin akwatin hazo na C. T. R. Wilson, suka ga hanyar da ya bi ta dace da hanyar da foton ya bi. Ashe littafin yana daidaita a ko wane karo. Bohr da ya sami labari bai tsaya gardama ba, ya rubuta wa wani abokinsa cewa abin da ya rage shi ne a yi wa dabararsu jana'iza ta mutunci. Wannan hali nasa yana burge ni kamar yadda gwajin kansa ke burge ni. Cikin 1927 aka raba Kyautar Nobel tsakanin Compton da Wilson.

Kada ku zaci abin ya tsaya a ɗakin gwaji. An taɓa ɗaukata hoton ƙirji a asibiti, na ga ma'aikacin ya gyara mini tsayuwa, ya koma bayan wani shinge mai dalma kafin ya danna. Na'urar ni ta ke fuskanta, ba ta fuskantarsa, to, me ya ke gudu? Jikina ya ke gudu. Wani kashi na eksiren da ya shige ni yana karo da ilektaron ɗin tsokata ya watsu cikin ɗaki, shi kuwa mutum ne mai yin wannan aiki sau da yawa kullum. Haka kuma inda a ke gasa ciwon daji da hasken gamma na kobalt-60, yawancin ƙarfin ta wannan karo ya ke shiga tsoka, ilektaron ɗin da aka tunkuɗa su ke yin aikin.

To, ina na tsaya game da tambayar da na fara da ita? Akwai wani abu a cikin gwajin da na ke so ku lura da shi. Da kiristal Compton ya auna zangon, watau da dabarar da ba ta aiki sai in haske igiya ce. Ashe da ma'aunin igiya ya tabbatar da ƙwaya, a kan tebur ɗaya. Misalin goruba ma yana da iyaka, domin mai jifa gwani ya san inda gorubarsa za ta nufa, amma babu masanin da zai iya faɗin kusurwar da foton guda zai bi kafin ya bi ta. Abin da lissafi ke bayarwa shi ne rabo, cikin dubu kaza za su bi nan, kaza can. Saboda haka ni na ɗauki igiya da ƙwaya a kan sunaye ne da muka aro daga tafki da filin wasa, ko wanne ya rufe wani sashe na halin haske ya bar wani a waje. In aka tambaye ni wanne ne daidai, na kan ce a faɗa mini abin da za a auna tukuna. In tafiyar haske ce ta cikin kiristal, lissafin igiya zan ɗauko. In karo ne da ilektaron, foton guda ne ke biyan ilektaron guda, kuma a digiri 90 kuɗin fikomita 2.4 ne, ko wa ya auna.