Kelle, Masaukin Ƴan Mata a Gindin Duwatsun Kutus

Matafiyin da ya bar Damagaram ya kama hanyar Difa, bayan tafiyar wajen kilomita 160 zai iske Gure. In ya karkata arewa, sai rairayi ya fara ba duwatsu wuri, har ya shiga ƙasar Kutus, inda garin Kelle yake. Gari ne na manoma da makiyaya. Sunansa ya shiga bakin jama'a ne a zamanin shugaba Mohamed Bazum, wanda ya yi mulki daga 2021 zuwa 2023, sa'ad da aka ɗauki gidan kwanan ƴan matan kwalejin garin a matsayin abin koyi ga gidaje 100 da ya yi alkawarin ginawa.

Dalilin gina irin wannan gida ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san ƙauye. Yarinya ta gama firamare, an ce ta ci, amma kwaleji tana wani gari. Sai a kai ta gidan wani ɗan uwa, wanda ake kira tutar. Can daka nata ne, ɗiban ruwa nata ne, talla ma wani lokaci tata ce. In sakamako ya ɓaci sai uba ya ce ta dawo, kafin shekara ta kewayo an sa rana. Alƙaluman UNICEF sun nuna cewa kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin su cika shekara 18. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare yarinya mai karatu. Sai dai doka ba ta ba yarinya tabarma da tuwon dare. Gidan kwana shi ke ba ta.

Rayuwa a irin wannan gida ƙararrawa ke tafiyar da ita. Ana tashi da asuba, a yi salla, a share fili, a sha kunu, kowa ta rungumi littattafanta sai aji. Shekara huɗu ce tafiyar, daga siziyam zuwa turwaziyam, daga buɗe lakkwal a watan Oktoba har jarrabawar birebe a farkon damina. Darasi da Faransanci ake yin sa, amma da an koma ɗaki sai harsuna su kwance: a wannan yanki ana jin Barbarci da Hausa da Fulatanci da Tubanci. Manya kan ja ƙanana a lissafi bayan cin abincin dare. Ranar hutu kuwa wanki ne da kitso, kuma a bakin kitson nan ne baƙuwa ke zama ƙawa.

Amma mai son ya ga ran makaranta, ya zo ranar wasa. Yarinyar da ta baro ƙauye ta baro dandali, makaranta mai hankali kuma takan maido mata da shi. Ƴan mata su yi layi kamar jinjirin wata suna tafi, ɗaya ta faɗo da baya, sauran su tare ta su cilla: gaɗa ke nan, irin wadda uwayensu suka yi a farin wata. Daga nan sai wasan kwaikwayo, wanda jahar Damagaram ta daɗe da shahara a kansa tun zamanin samariya da bukukuwan matasa na mulkin Kunce. Da yake babu namiji, yarinya ce ke ɗaura gemun auduga, ta zura babbar rigar aro, ta fito a matsayin Alhajin da ya zo neman auren ƴar aji biyu. Jama'a na dariya, magana na shiga.

Babbar ranar mata a ƙasar nan ita ce 13 ga Mayu. A wannan rana ce, a 1991, mata suka yi jerin gwano a Yamai don an sa mace ɗaya tak a kwamitin shirya babban taron ƙasa, kuma sai da aka ƙara musu kujeru. Ɗalibar da ta tsaya gaban sarki da malamai da uwaye ta ba da wannan tarihi ba tare da muryarta ta yi rawa ba, ta koyi abin da ba a rubutawa a allo.

Ga alhazan kasuwa da ma'aikata, masu cewa sun biya kuɗin karatu ne ba na rawa ba, ga abin lura. Uba da yawa bai iya karanta takardar sakamako ba, amma yana iya ganin ɗiyarsa ta yi magana a bainar jama'a cikin kamun kai. Sau da yawa a kan tabarmar kallon nan ake yanke shawarar ko za ta koma aji a Oktoba. Gani ya kori ji: wanda aka aiko wa takardar gayyata, ya rufe kanti na yini guda ya je.