Rabin da ke ɓacewa a fassara

Idan kuna da yaro mai karatun kwamfuta, wata rana za ku ji ya ce an ba shi aikin mayar da manhaja daga yaren C zuwa Python. Kada ku ɗauka sauya kalmomi ne kawai.

Kowane ƙaramin aiki a cikin manhaja yana da layin gabatarwa: sunansa, abin da yake karɓa, da abin da yake mayarwa. A C, dole a faɗi irin lambar, cikakkiya ce ko mai ɗigo. Python bai tilasta ba: a rubuta def, a sa suna da abin da zai karɓa, shi ke nan. To, nan gizo ke saƙar. A C, in lambobin cikakku ne, 7 raba 2 yana ba da 3. A Python 3 kuwa, 3.5 ne.

Mu ma'aikatan jinya, rabin nan ba wasa ba ne. In lissafin magani ne, rabin ƙwaya ke nan a cikin jaririn wani. Shi ya sa mu biyu muke duba magani mai haɗari kafin a ba da shi.

Don Allah ku ce wa yaron, in ya gama fassara, ya ba tsohuwar da sabuwar lamba iri ɗaya, ya tabbatar amsarsu ta zo ɗaya.